Murhun Inna Ran Lahadi

Shekarar da masaƙar Kakuri ta yi shiru,
babana Didam ya dawo gida da rana tsaka,
katin aiki a aljihu, bakinsa a ɗinke.
Maƙwabta suka ce, to, yanzu sai ka huta.
Ya ja benci gindin mangwaro
ya zauna shekara tara.
Ban taɓa ganin gajiyayye
kamar mai zaman bencin nan ba.

Jiki a zaune, zuciya na dako:
kuɗin sallamar da ba a biya ba,
sunan manajan da ya sa kwaɗo a ƙofa,
takardar makarantar Shekari a ƙarƙashin filo.
Biyar na asuba yakan zabura,
yana sauraron jiniyar da ta mutu tuntuni.

Inna Rifkatu kuwa,
kafin zakara ya gyara murya ta surfe wake.
Ƙosai a bakin titin Sabon Tasha,
hayaƙi ya cinye idonta,
tafasasshen mai ya yi mata zane a hannu.
Kwana shida haka.
Daren Asabar sai ta kife kasko,
ta yayyafa wa murhu ruwa,
ya ja tsaki, ya kwanta.

Na ce, Inna, ai Lahadi ce ranar ciniki,
masu fitowa sujada da yunwa suke fitowa.
Ta ce, wanda ya rataye rana da wata
ya ajiye aiki ran bakwai, ba don ya gaji ba.
Ni mai kasko ɗaya, wa zan nuna wa ƙwazo?
In na soya kwana bakwai a jere
zan soma zaton ni ke ciyar da kaina.

A coci takan yi gyangyaɗi tsakiyar wa'azi,
ɗankwalin zumuntar mata ya zame gefe.
In na zungure ta sai ta harare ni:
'ya ba ta kunyar barci a ɗakin Ubanta.

Wani daren Agusta, ruwa na dukan kwano,
na ji Baba yana magana a duhu,
ba da Inna ba, ba da kowa ba a cikinmu.
Yesu, na gaji da goyon mutumin nan.
Shekara tara yana wuyana,
shi kuwa ƙila ko sunana bai riƙe ba.
Ga shi. Karɓe shi. Karɓe ni ma.

Washegari Litinin ya miƙa wa Inna katin,
ya ce ta hura wuta da shi.
Ya shiga ɗaki ya yi barci har la'asar,
har muka leƙa ko yana numfashi.
Ba a biya kuɗin ba, har gobe.
Amma da damina ta zagayo ya saɓa fartanya
ya tafi Kachia noman citta,
a saurar kakansa da ta daɗe tana hutawa.
Ya dawo baya na ciwo, yana fito.

Yau ni ke aikin dare a asibiti.
Ina da katifa mai taushi, ina da fanka,
ina da waya mai farkar da ni ba dalili.
Nakan kwanta, lissafi ya kwanta kusa da ni,
ya ja bargon duka.

Sai in tuna hannun nan mai zanen ƙuna
yana yayyafa ruwa a kan garwashi,
alhali ga sauran ƙullu,
ga masu saye a hanya.
Ubangiji, wutar da ke cikina ta ƙi jin ruwa.
Koya mini kife kasko.
Gobe taka ce tun kafin in farka;
bari in ba ka daren nan ma,
ko rabinsa ne.