Ramin Kuza

Babanmu ya bar mana gona da rami.
Gonar kowa ya so ta.
Ramin kuwa, ranar rabon gado,
kowa ya duƙufa duban farcensa,
sai na ce a ba ni.

Nan ya haƙi kuza shekara sha tara,
a bayan Bukuru, inda kyarana ke tsaron iyaka.
Kamfani ya kwashe mai nauyin, ya tafi,
ya bar masa tari da jar gaɓa
da koren ruwa mai zurfin gaba bakwai
wanda ya taɓa haɗiye saniya har ƙahonta.

Ba zan yi wa kaina ado ba:
ni ce na riƙa wanke tankin feshi a bakinsa,
in na gama da kabeji da dankali.
Farin kumfa ya bi ruwa, in juya baya.
Damina uku ina haka.
A ta huɗu, daren farkon ruwa,
na kasa kunne, ban ji kwaɗo ko ɗaya ba.
Shiru irin na gidan da aka tashi.
Ruwa dai ba ya tsami banza.

Yayana Jatau ya zo da lissafi a bayan ambulan:
tifa talatin ta jar ƙasa, a cike,
a yanka fegi huɗu, masu bulo na jira.
Na ce ba ni shekara biyu.
Ya ce, kifi za ki aura?

Taku goma sha biyar na auna daga gaɓa
na hana garma shiga.
Kunya shida na dankali suka tafi a nan,
na ji zafinsu ranar kasuwa.
Ngo Kachollom, maƙwabciyata,
ta kawo saiwar jema cikin tsohon buhun taki,
muka dasa a durƙushe, gwiwa duk laka,
tana ba ni labarin kaguwar da suke kamawa
tun ba a san injin ban-ruwa ba.
Gidado mai shanu muka yi da shi sau uku,
na farko da faɗa,
na uku ya ɗebo duwatsu da kansa
muka shimfiɗa mashaya guda a kusurwar gabas.

Shekarar farko, ba komai.
Ciyawa kawai, da dariyar masu wucewa.

Sai wata safiya ga mazari, ja wur,
ya sauka a kan tsinken jema
kamar mai duba gidan haya.
Bayansa talibambam, baƙi ƙirin a gefen ruwa.
Bado ya buɗe, ban san wa ya kawo shi ba.
Kazar ruwa ta ratsa da 'ya'ya biyar,
washegari huɗu:
ashe guza ma ya dawo,
kuma bai nemi izinina ba.

Yanzu zalɓe na tsayuwa da ƙafa ɗaya
daidai inda Baba ke ajiye kwanon wankin kuza.
Ba na cewa shi ne.
Ina dai rage murya in na zo wucewa.

Jiya Jatau ya dawo, wa'adi ya cika.
Ambulan na aljihu, na ga kusurwarta.
Magariba ta yi, kwaɗi suka ɗauka gaba ɗaya
har sai da ya matso kusa don in ji shi.
Ya ce, wannan ƙara haka, kina iya barci?
Na ce, sai yanzu.

Ya daɗe yana kallon inda tarwaɗa ta motsa.
Sannan ya tuɓe takalmi
ya riƙe a hannu.