Ɗigo Ɗaya

Bayan la'asar wuta ta dawo.
Na koma gaban madubin ƙara girma
da yankan ƙwaƙwalwar ɓera a kan gilashi,
bai kai kaurin ɓawon albasa ba,
shuɗi shar, sai ka ce daga marina aka tsamo shi.

Ɓeraye biyu ne a kejin kusa da taga,
ciki ɗaya, nono ɗaya.
Ɗaya na gudu kamar an aike shi cefane.
Ɗayan, Malam Tukur ya raɗa masa Tangaɗi:
taku uku ya kife,
ya tashi, ya gyara gashin baki, ya sake ɗaukar hanya.

A kan masu lafiya, abin da na gani
sahu ne shida, ba mai taka ƙafar wani.
Kowace ƙwaya can ƙasa aka haife ta, bakin rijiya,
ta kama zare ta hau,
ta wuce yayyenta ɗaya bayan ɗaya,
ta je sama da su ta shimfiɗa tabarma.
Nan kaɗai na ga ƙane ya zauna bisa wansa
ba a kira shi marar kunya ba.

Baba magini ne a Gambarawa.
Yakan ce tubalin jiya shi ke goya na yau.
Ya rasu bai san da irin gininsa a cikin kansa ba.

A irin su Tangaɗi kuwa, marubuci ne ya yi gyangyaɗi.
Cikin doguwar wasiƙar gado
da uwa da uba ke miƙa wa ɗa a naɗe,
ɗigo ɗaya ya bar gurbinsa.
Wanda ya yi allo ya sani:
ɗigo a ƙasa ba ne, ya koma sama ya zama nun.
Saƙon da zai ce "wuce, ga masaukinki can"
ba wanda ya iya karanta shi.
Sai ƙanne suka cunkushe ƙarƙashin yayye
kamar Ƙofar Guga ranar da tirela ta mutu a tsakiya.
Wasu sun miƙa rassa gefe,
wasu kai a ƙasa, saiwa a sama,
kuka ce da aka dasa a juye,
tana laluben maƙwabtan da ba su zo ba.

Na ɗaga kai, wuyana ya ƙage.
Mati na tuna.

Shekararsa shida farfaɗiya ta fara kayar da shi.
An ce tsamiyar bayan gida ce, aka sare ta.
An sha rubutu, an yi hayaƙi har bango ya yi baƙi.
Inna har yau cewa take ita ce,
don ta fita ɗiban ruwa da almuru tana da cikinsa.

Ɓera ba mutum ba ne,
gilashin nan bai ambaci sunan Mati ba,
ba zan ɗora masa maganar da bai yi ba.
Amma ina so in kawo Inna nan wata rana,
in ce rufe ido ɗaya ki leƙa:
tun kafin a san da ciki ake wannan rubutu,
tulunki bai taɓa alƙalamin ba.

Wuta ta sake tafiya.
Da fitilar waya na sauke wa Tangaɗi kwalbar ruwansa
ƙasa kaɗan, inda bakinsa zai kai.

A ƙofar gida na tarar da Mati
ya baje cikin wata rediyo a kan tire,
yana bin wayoyi da tsinken ƙarfe.
Ya ce, "Yaya ɓerayenki?"
Na ce suna gaishe ka.
Ya yi dariya, ya haɗa ja da ja,
rediyon ta yi tari, ta kama magana.