Turaku Arba'in a Sawakin

Ni ne Arzika mai sassaƙar dutsen teku.
Turakun nan da kuke shanya taru a kansu
hannuna ne ya kafa su.
Arba'in ne, amma ruwa ya ci ɗaya.

Hajji ta fito da mu, ni da ƙanena Tunau.
Guzuri ya ƙare a bakin Maliya,
muka ce sai baɗi, baɗi ta ce sai baɗi.
Tsofaffin gari kuwa ba su da wata hira
sai ta ranar da jiragen Fotugal suka toshe mashigi,
suna tambayar hanyar Jidda
kamar baƙon da ke neman gidan suna.

Ran nan sai ga manzo daga arewa,
rawaninsa kamar masaki a kife,
ya warware takarda a ƙofar masallaci:
wai Sarkin Santambul zai tsaga ƙasa
yadda ake tsaga kabewa,
ya haɗa Bahar Rum da Maliya baki da baki,
jiragen yaƙi su gangaro ta tsakiyar rairayi
da igwa, da albarushi,
su kora Turawa har bayan tekun Hindu.
Ana neman masu haƙa can,
ana neman masu kafa maɗaurin jirgi nan.

Tunau ya ce, "Yaya, haƙa ai gado ce,
rijiya nawa Baba ya tona?"
Ya saɓa diga, ya bar mini takalminsa guda
da na ce zan ɗinke kafin ya dawo.

Ohaj mai raƙuma ya yi dariya har ya ƙware.
"Rairayi ba ya riƙon amana," in ji shi,
"ka tona da hantsi, ya rufe da la'asar."

Shekarar farko aka biya ni da azurfa.
Ta biyu da dabino.
Ta uku da "Allah ya ba ka haƙuri."
Kowane turke na sa masa zoben ƙarfe,
na shafe da man kifi,
ina leƙen arewa har wuya ya ƙage.

Labari ya zo a bakin fatake, gutsure-gutsure.
Wani ya ce an tona tafiyar yini guda.
Wani ya rantse igiyar awo kawai aka ja,
aka nannaɗe, aka mayar cikin akwati,
don Sarki ya hango wani tsibiri
da ya fi kusa da tagarsa.

To ku gaya mini,
in ba a tona komai ba,
cikin wane rami ƙanena ya faɗa?

Sai da furfura ta kama ni na gane
ashe kan masoro da kanumfari ake wannan rigima.
Ɗan abin da matata ke barbaɗawa a kunu
shi ya tashi sarakuna biyu tsaye,
shi ya kwantar da Tunau.

Yanzu jaki ake ɗaurewa a turke na bakwai.
Na sha biyu, 'yan mata ke zama suna kitso.
Tsatsa ta cinye zobba sai guda,
na can ƙarshe, inda ruwa ya fi zurfi.
Shi nake shafa wa mai duk Juma'a.
Ba jirgin Sarki nake jira ba.
Kwale-kwale ma ya isa,
in dai mai saukowa ƙafarsa ɗaya ba takalmi.