Hannun Mai Gyaran Agogo

Da safe nakan fara da gwaji:
in miƙa hannun dama,
in ɗora wa yatsa ƙaramin noti
wanda bai fi ƙwayar acca ba,
in jira.
Yau bai faɗi ba.

Shekara goma sha ɗaya ina daidaita wa Jos lokacinta
a rumfar kwano, bakin Taminus,
nawa lokacin kuwa yana tsiyaya
a ƙwaryar Mama Kangyang, can Kabong.
Burkutu da farko, wai don sanyi.
Sanyin garin nan ya sha ɗaukar laifin da ba nasa ba.
Daga baya goskolo,
wanda ba ya tambayar sunanka kafin ya kayar da kai.

Innata ta ce a kai ni kan dutse a kwana ana addu'a.
Maƙwabcina ya zo da rubutu a gora.
Na gode musu har zuciya,
amma ban je ba, ban sha ba.
Ba faɗa nake da kowa ba.
Na dai san ƙofar da na shiga,
na ce ta nan zan fito, da ƙafata.

Abin da ya tsayar da ni ƙarami ne.
Agogon wani tsohon direban jirgin ƙasa:
na buɗe bayansa, hannuna ya yi rawa,
wayar da ta fi gashi siranta ta tsinke.
Tsohon bai zage ni ba.
Ya naɗe shi a hankici,
ya ce, "Na mahaifina ne," ya tafi.
Da ma ya zage ni.

Likita ta ce kada in yanke shi ni kaɗai a ɗaki.
Kwana huɗu a gadon asibiti,
gumi a tsakiyar Agusta, ana ƙanƙara a kan kwano,
tururuwa na hawa bangon da babu tururuwa.

Yanzu kowace Laraba mu bakwai ne,
benci biyu, butar shayi mai lanƙwasasshen hannu.
Dalyop, da ya koyar da lissafi har aka sallame shi.
Asabe, da ke ɓoye tata a robar ruwa.
Babu mai wa'azi.
Tambaya ɗaya ce ke zagayawa: "Jiya fa?"

Kwana arba'in da ɗaya, na faɗi.
Biki a Bukur, aka ce kofi ɗaya ba ya kisa.
Na farka a bakin kwata, Gada Biyu,
takalmi ƙafa ɗaya.
Ranar Laraba na tsaya a ƙofa, kunya ta riƙe min wuya.
Dalyop ya matsa a benci, ko kallona bai yi ba,
ya ce, "Kai in agogo ya tsaya, jefarwa kake?"

Na canza hanya.
Ina zagayawa ta Farin Gada, kuɗin keke ya ƙaru.
Ƙarfe biyar na yamma ne mugun lokaci,
maƙogwaro ya san shi ba tare da agogo ba.
Sai in sayi gasasshiyar masara,
in kwance mataccen agogo, in sake ɗaure shi,
in kwance,
har shida ta wuce.

Na aika wa Mama Kangyang bashinta ta hannun yaro.
Ta ƙirga, ta ce masa,
"Ka gaya masa kada ya zo gaishe ni."
Ban taɓa samun gaisuwar da ta kai wannan ba.

'Yata Kyauta, in na dawo, takan rungume ni
ta ɗan ja numfashi kusa da bakina.
Ta ɗauka ban sani ba.
Nakan tsaya cik har ta gama.

Kwana ɗari biyu da shida.
Na samo irin wayar nan a wajen wani a Dilimi,
tana cikin kwalin ashana, aljihun tebur na hagu.
Tsohon bai dawo ba.
Duk wanda ya gifta da hankici a hannu,
sai na ɗaga kai.