Fiton Kakata a Gaɓar Jeju

Ina zaune bisa baƙin dutse, littafi a cinya,
babin huhu, gobe jarrabawa.
Kakata Ok-hwa ta ɗaura ɗamarar dalma,
ta goge gilashin ido da ɗanyen ganye,
ta bar gorarta tana lilo a kan teku,
ta ja numfashi ɗaya
kamar mai karɓar rance daga hannun marowaci,
ta kifa kai ƙasa. Diddige biyu, sai babu.

Ɗaya. Biyu. Ni ke ƙirga.

Littafi ya ce akwai bishiya a kife cikin ƙirjinta,
gindi a maƙogwaro, rassa na ta rabuwa
har su ƙare a 'yan jakunkuna, ɗaruruwan miliyoyi,
bangonsu ya fi ɓawon albasa siranta.
Nan kasuwar ke ci, ba dillali, ba tayi:
abin da ya yi yawa ya gangara inda ya yi kaɗan.
Oksijin ya tsallaka, jini ya goye shi,
ƙarfen cikin jajayen ƙwayoyi ya riƙe shi gam,
ya yi ja wur, ya kama hanya.

Ashirin da bakwai.

Ina za shi? Gida-gida.
Kowace ƙwayar halitta da murhunta,
wuta marar harshe, marar hayaƙi, ba ta babbake gashi.
Shinkafa da sha'ir da ta ci da asuba a tsaye,
tana yi mini faɗa kan takalmin da na yar a ƙofa,
su ne itacen. Sun narke sun zama sukari,
yanzu suna ci sannu-sannu a damtsenta
da ke ɓamɓarar katantanwa daga jikin dutse.
Ribar: ƙarfi, ɗan ruwa,
da tokar da ido bai gani, iskar kabon.

Hamsin da ɗaya. Gora na lilo. Ba kowa.

Malaminmu ya ce ba ƙarewar oksijin ke fara buga ƙofa ba,
tokar ce ke taruwa, jini ya ɗan yi tsami,
sai gindin ƙwaƙwalwa ya daka tsawa: tashi!
Kaka ba ta taɓa jin wannan ba.
Ita dai cewa take, "Akwai numfashin da aka auna miki,
akwai na kwaɗayi.
Katantanwa ta biyu, wadda ta fi girma,
kullum taki ɗaya take zaune bayan iyakarki."
Ƙanwarta Sun-deok ta miƙa wa ta biyun hannu wata shekara.
Gorarta kaɗai ta dawo gaɓa.

Sittin da takwas. Na daina karatu.
Yatsana na kan hoton huhu, ruwan hoda, tsaf-tsaf,
sai na lura ni ma ban shaƙa ba
tun wajen arba'in.

Ruwa ya tsage.

Hooi!
Fito siriri ta tsukakken baki,
tokar minti guda da 'yan kai na fita a guje,
sabuwar iska na kutsawa ta biya bashi.
Can nesa wata ta amsa, wata ma ta amsa,
haka suke ƙirga juna ba tare da lamba ba.

Abin da ta fesar ya bi iska zuwa tudu,
watakila ganyen lemun maƙwabcinmu ya sha,
ya juya shi zaƙi,
in sanyi ya zo mu ɓare, mu ci, mu sake ƙonawa.

Da yamma, a kewayen dutse, gefen wuta ta gaske,
leɓenta shuɗi, haƙoranta na kaɗawa,
ta leƙa littafin, ruwan gashinta ya ɗiga kan shafi.
"Wannan ne a cikina?"
Na ce shi ne.
Ta daɗe tana kallo. Shekara saba'in da huɗu suna tare
ba su taɓa ganin juna ba.
"To, a gaishe shi," in ji ta.
"Rufe ki kama mini ragar nan, ta yi nauyi."