Lami

Shekara goma sha ɗaya Baffa Ilu bai ɗanɗana gishiri ba.
Tuwon dawa, miya lami, shi ke nan.
Ya ce harshe jaki ne,
ka kwance masa dabaibayi, ya faɗa gonar wani.

Ranar kasuwar Gujungu ruwa ya tsare mu,
muka fake a rumfar kallon Ɗanjuma.
Janareta na tari.
A fim ɗin babu rawa, babu waƙa,
sai wata tsohuwa da tandarta,
man shanu na narkewa a hankali,
duk wainar da za ta juya
sai leɓenta ya motsa da Bismillah.

Na saci kallon Baffa.
Carbinsa ya tsaya a kan ƙwaya ɗaya.
Maƙogwaronsa ya hau, ya sauka.

Bai ce uffan ba har muka wuce fadama.
Can ya ce, Sabitu,
matar nan girki take yi ko zikiri?

Da asuba na hango shi a madafi,
tsugune gaban ƙoƙon gishirin Inna Kande.
Ya dangwala da ɗan yatsa,
ya ɗora a harshe, ya rufe ido.

Leɓensa na motsi.
Istigfari ne ko hamdala,
ban matsa kusa na ji ba.