Ƙwanƙwasa Kafin Ka Saya

Shekara goma sha ɗaya ina hawan bishiyoyin mutane,
daga Mai Wurno har bakin gadar Sinnar,
zarto a kafaɗa, igiya a ƙugu.
Tsani kuwa sai na roƙi mai jaki,
ya ce in jira bayan la'asar,
alhali reshe bai san la'asar ba
in ya yi niyyar faɗa wa rufin wani.

Kuɗin na cikin gwangwanin madara,
har da adashin Batula.
Da ta miƙo min, magana ɗaya ta yi:
"Kada ka sayo mana ado."

Kasuwar motoci a Wad Madani,
rana tsaka, ƙarfe na ƙuna kamar tanda.
Dillali Taha ya kama hannuna:
"Ga fara mai ƙofa huɗu, cikinta sanyi kamar randa."
Na zagaya bayanta, na auna da damtsena.
Kamu uku, da ƙyar.
Ina zan sa kututturen darbejiya?
A kujerar baya, in ɗaura masa bel?

Ya nuna min lori mai ƙirjin sa:
"Wannan daji guda za ta kwashe."
Na tuna lungun lambun Alhaji Mudawi,
inda mangwaro ke gaisawa da mangwaro a sama,
amalanke ma sai ya karkace yake shiga.
Na tuna baƙar lakar damina
mai riƙe taya kamar mai bin bashi.
Ga shan gas, ciki bai san ƙoshi ba.

Can ƙarshen layi, gindin bagaruwa,
wata tsohuwar akori-kura,
boksi muke ce mata a nan.
Fenti kala uku, ido ɗaya ya makance,
gefenta duk lotsawa.
Usta Gaili da ya rako ni
ya shige ƙarƙashinta, ƙafafu kawai nake gani.

Ni ban san inji ba. Itace na sani.
Na san koren ganye ba shaida ba ne:
gara kan cinye cikin maɗaci
yana tsaye yana raba inuwa.
Sai na yi mata abin da nake wa bishiya
kafin in ba ta amanar raina.
Na ɗauki ƙotar gatari,
na bi ta da ƙwanƙwasa gaba da baya,
kunne a kashe, ko zan ji kogo.

Babu kogo.

Gaili ya fito da baƙin mai a gemu,
ya ce, "Tari take, amma ƙashinta lafiya."
Bayanta kamu biyar saura kaɗan.
Kofin shayi uku muka sha,
Taha ya ce albarka sau biyu,
a na uku ya ce Allah ya ba da sa'a.
Gwangwani ya dawo da kuɗin taya ɗaya.

Aikin farko, makarantar Singa,
darbejiya ta jingina da katangar aji.
Ina sama, zarto na kuka,
Sabi'u a ƙasa ya saki igiya da wuri.
Reshe ya sauka a gefen boksi, rim!
Yaro ya ɗora hannu a ka.
Na leƙo ta tsakanin ganye,
na nemi sabuwar lotsawa cikin 'yan'uwanta,
ban gane ta ba.
Na ce, "Loda mata."

Da magariba muka kama hanyar gida,
ganye na share kwalta a bayanmu,
tsanina a kwance bisa kayana.
Mai jaki ya ɗaga min hannu, na danna masa ham,
ham ɗin ya fito kamar kukan jakinsa.

Batula na bakin ƙofa.
Ta zagaya ta sau ɗaya, ta shafa makahon idon,
ta kaɗe garin katako daga kafaɗata.
Ta ce, "Wannan kam ba ado ba ce.
Shigo, tuwo na hucewa."